Maginin Tukwane da Jakin Maƙwabci

Zauna nan, ƙanena. Na ji kana ta doka wa matarka tsawa wai "kam dawun", wato ta kwantar da hankalinta, kamar mai korar akuya daga rumbu. Wani malamin makaranta ya ce min akwai kalmar rarrashi a Turanci da asalinta ba komai ba ne sai ka ce wa mutum "gaskiyarka". To ji wannan.

Wani maginin tukwane ya yi sati uku yana gini. Ya jera randuna da tuluna a rana su sha iska kafin gashi, da su zai ciyar da gidansa har kaka. Jakin maƙwabcinsa ya tsinke igiya, ya shigo ya yi birgima a kansu, ko kasko bai tsira ba. Mutumin ya suri gatari, ya rantse sai ya sare ƙafar jakin, in mai shi ya tare, ya haɗa da shi. Jama'a suka rirriƙe shi, wannan ya ce haƙuri, wancan ya ce ai ƙasa ce kawai. Duk wanda ya ce ƙasa ce, sai idon magini ya ƙara ja.

Sai ga wata tsohuwa ta dawo daga rijiya. Ba ta ce ya yi haƙuri ba. Ta dubi ɓarnar, ta ce, "Gaskiyarka, ɗana, an cuce ka. Wannan babbar fa, randa ce?" Ya ce randa ce, kwana huɗu ya yi a kanta. Ya tsuguna zai nuna mata bakin randar, hannu ɗaya bai isa ba, ya ajiye gatari. Yana ba ta labarin kowace tukunya, ita kuma tana tara gutsattsarin a rami tana tsiyaya musu ruwan tulunta, don ƙasar da ba ta ga wuta ba tana komawa yumɓu. Kafin la'asar magini na cikin ramin yana cuɗa ta da ƙafa. Mai jaki, da ya ɓuya a bayan danga tun hantsi, ya lallaɓo ya naɗe wando ya shiga suna takawa tare.

Abin da ruwan zafi ya dafa, in aka yi haƙuri, ruwan sanyi ma zai dafa shi.