Takardar Maigandi Mai Ɗinkin Buhu

Maigandi yana ɗinkin buhu a kasuwar hatsi ta Kontagora, cikin shekarar 1992, sai wani direban motar goro ya tsaya a kansa tare da wata ramammiyar yarinya. Ya ce a Ibadan aka ba shi ita, aka ce ya kai ta wurin ubanta. Sai da Maigandi ya duba sau biyu kafin ya gane 'yarsa ce ta fari. Hannunta na dama naɗe yake da tsumma. Da aka kwance a asibiti, babu babban yatsa da biyun da ke kusa da shi.

Shekara biyar ke nan da ya ba da ita riƙo ga Gwaggo Fure, wata 'yar'uwar mahaifinsa mai fatauci zuwa kudu, wadda ta yi alkawarin sa ta makaranta. Duk Sallah Fure takan zo gida. Maigandi yakan durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi hanya, ya tambayi ciniki da ruwan kudu, amma bai taɓa tambayar yarinyar ba. 'Yar fari ce, ko sunanta ba ya faɗa, ita ma uwar haka. Kuma wanda ya ba da riƙo ya dinga bin sawu, ai ya zargi mai riƙon ke nan. Fure takan ce, "Mutuniyarku tana gaishe ku," shi kuwa ya sunkuyar da kai.

Ashe ko kwana bakwai yarinyar ba ta yi a hannunta ba. Wani gidan abinci ta kai ta, ladan aikin kuma Fure ke karɓa. Yarinyar ce ɗiban ruwa, ita ce wanke-wanke, ita ce markaɗe. Wata rana gyangyaɗi ya ɗauke ta a bakin inji.

Dangi suka ce a bar wa Allah, kada a tona asirin gida. Maigandi ya ajiye basillarsa ya kai ƙara.

Alƙali ya tambaye shi ko sace ta aka yi, ya ce a'a. Ko an ɗaure ta, ko an kai ta gidan banza? Ya ce a'a. Fure ta gyara mayafi ta ce, "Ranka ya daɗe, har tasha ya raka ni, da ƙwaryar gero a kansa. Wane yaro ne ba ya aiki a gidan riƙo? Shi a kan katifa ya girma?"

Alƙali ya daɗe yana juya takardu. Ya ce abin ya taɓa shi, amma kalmomin dokar da aka kawo ƙarar a kanta sun san sata, sun san tilas, ba su kai ga yaron da uba ya miƙa da hannunsa ba. Ya sallami Fure.

Maigandi bai tashi ba. Ya ce, "Allah ya gafarta malam, to su wa ke rubuta kalmomin?"

Washegari ya je wurin Andarawus, wani dattijo mutumin Rijau da ke buga wa jama'a wasiƙa da tafireta a gindin bishiya. Andarawus ya ce takarda ba ta san "waccan yarinyar" ba, sai ya faɗi suna. Andarawus ya cire tabarau yana jiransa.

"Hadijatu," in ji Maigandi. "Rubuta da kyau. Hadijatu Maigandi."

Abin da ya roƙa a takardar kaɗan ne. A faɗaɗa ma'anar ci da gumin mutum a doka. Duk wanda ya kai yaro aikin da ya fi ƙarfinsa, ya hana shi karatu da barci da hanyar gida, ya cinye guminsa, a hukunta shi, ko da uban yaron ne ya ce a tafi da shi, ko da babu igiya ko ɗaya.

Ya shiga bin kasuwanni da takardar da kwalbar tawada, Salka, Nasko, Kaboji, yana neman masu dangwala yatsa. 'Yan dako suka sa masa suna Lauyan Buhu. Wani ya ce masa wanda bai gama firamare ba ina shi ina gyaran doka. Maigandi ya ce ita ma dokar ba ta gama karatu ba, tunda ba ta san hannun 'yarsa ba. A kowace kasuwa yakan tsaya gaban maza ya faɗi laifinsa da bakinsa.

A nan ne magana ta fito. Wani a Salka ya ja shi gefe ya ce shi ma tasa tana hannun Fure. Wani a Nasko haka. Iyaye bakwai, kuma dukan yaran 'ya'yan fari ne. Da gangan take zaɓa, don ta san ba mai tambaya.

Maigandi ya kai takardar Minna, babban birnin jiha, da kansa, sannan ya ja iyayen nan zuwa Ibadan, Hadijatu tana nuna musu hanya da hannun hagu. Sun dawo da yara biyar. Biyu har yau ba a san inda suke ba.

Ya ku iyaye 'yan'uwana, kunyar da za ta hana ka tambayar ɗanka ba kunya ba ce, sakaci ne. Kuma yardar uba ba ta halatta gumin yaro ga kowa. In doka ba ta faɗi haka ba, mu buɗe baki mu nemi ta faɗa, kamar yadda mai ɗinkin buhu ya yi.