Mai Lema a Gindin Falwaya

Mai hoto ya duba abin da kyamararsa ta ɗauko, ya daki ƙarfen benen har hannunsa ya yi zafi. Ga mutumin nan kuma!

Hoton walƙiya ba a ƙyasta shi a wuce. Sai ka kafa kyamara, ka bar idonta a buɗe, ka jira sama ta tsage. Duk abin da ke motsi gogewa yake yi: masu gudun ruwa, karnuka, masu keke. Motoci su zama zaren wuta. Abin da ya tsaya cak ne kawai ke fitowa.

Shi kuwa mai lemar nan ba ya motsi. Duk ranar da hadari ya haɗo, yana gindin falwayar lantarki ta tsallaken titi, baƙin tabo a tsakiyar hoto mai kyau.

"Malam, ka gusa mana! Ba ka da gidan zuwa ne?"

Iska ta kwashe maganar. Ya goge hoton, kamar yadda ya goge na baya duka.

Hoto ɗaya yake nema, tsaf, wanda zai kai ya ajiye a gaban babansa. Tun farkon damina tsohon ya ce, in dai sai ya hau bene da ƙarfe a hannu ana tsawa, to kada ya sake taka masa gida. Shi kuwa ya tattara kayansa ya fice. Ko waya ba su ƙara yi ba.

Ranar da ya dace, gindin falwaya babu kowa. Walƙiya ta sauko da rassanta kamar bishiyar da aka juya, titi fes. Ya yi ihu shi kaɗai.

Da safe yayarsa ta hauro, idanunta jajur. Baba ya rasu jiya da magariba, ciwon ƙirji. Mai hoto ya zauna a ƙasa. Can ta tambaya ko yana da hoton tsohon, na kwanan nan.

"A ina zan samu, Yaya? Mutumin da ya kore ni? Ko sau ɗaya bai tako inda nake ba!"

Ta dube shi ta ce:

"Kai, wa kake tsammanin ya sa masa ciwon? Duk ranar hadari sai ya ɗauki lema ya zo tsallaken titin nan ya tsaya, ba ya gusawa sai ya ga ka sauko lafiya."