Akwatin Kifi a Bakin Taga

Sati biyar tela ya bar akwatin gilashinsa da ruwa da duwatsu kawai, don mai sayar da kifin ado ta ce sabon ruwa kashe kifi yake. Yau ta kawo masa ƙananan karfasa a leda.

Ta gwada ruwan. "Ya yi. Ashe kana da haƙuri."

"Maganar aurenmu fa?" ya tambaya, yana murza hularsa.

Ta dubi kifin, ta dubi taga.

"Malam, janye akwatin nan daga bakin taga. Rana za ta mai da ruwan kore, ni kuwa ba zan zauna da koren ruwa a falona ba."

"Falonki?"

Ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta kwance ledar.