Yawun Matan Unguwar Sanda

Kwalabe ɗari biyu da sha huɗu Dakta Mahadi ya kwaso daga Unguwar Sanda, wani ƙauye a bayan Malumfashi, kowace da sunan mace a jiki da yawu a ciki. Shekara bakwai ya yi a Turai yana koyon yadda kwamfuta ke tsefe ƙwayoyin gado, wato ƙwayoyin halittar da mutum ke gada daga iyayensa. Ya dawo da tabarau, da tausayin duk wanda bai iya lissafi ba. Wata uku suka rage masa: ko ya gano wani abu kan hawan jinin mata, ko masu ɗaukar nauyin binciken su rufe masa ɗakin gwajinsa na Funtuwa.

Da yake namiji ba ya wuce zaure, sai aka haɗa shi da Inna Raudatu, ungozomar garin. Ita ke shiga gidaje da kwalabe a kwando, shi kuwa yana mota yana shan iska. Bai taɓa tambayarta komai ba. Me tsohuwa mai cin goro za ta gaya wa mai digiri uku? Jinkirinta kaɗai ya dame shi. Da ƙyar take kawo kwalba goma a yini, kullum tana kukan ƙishirwa, ga yawun duk jaja-jaja.

Kwamfuta ta yi aikinta, ta fito da abin al'ajabi. Wata ƙwayar gado da ba a samu sai a mutum ɗaya cikin dubu goma, matan Unguwar Sanda kaf suna da ita. Ta kuma yi gargaɗi da jan rubutu cewa kamanceceniyar da ke tsakanin yawun matan ta wuce misali. Dakta ya yi murmushin masana, ya rubuta "auren zumunci", ya kashe gargaɗin.

Ya aika wa Turawan da ke ɗaukar nauyinsa sakamako, aka yi ta tafi, har ya raɗa wa ƙwayar sunansa. Turawa suka ce suna tafe mako mai zuwa, za su ɗebi jinin matan da hannunsu su tabbatar.

Cike da murna ya kai wa Inna turmin atamfa, ya roƙe ta ta tara masa matan.

"Amma Inna, yaya kika shawo kansu duka?"

"Kan wa, ɗan nan? Wace mai hankali ce za ta ba baƙo yawunta a je a yi mata asiri? Ni dai na tsufa, ba abin da za a yi mini. Tausayinka na ji, na cika maka su ni kaɗai."