Hoton da Alhaji Ya Rataya

Alhaji Badaruddeen ya iske 'yarsa Laila durƙushe a ƙofar shagonsa na kasuwar Adjamé, a Abidjan, ta kusa cusa kyamara cikin wani ɓawon kwakwa da aka yar a bakin kwata. Masu wucewa suna ratse ta suna dariya. Ya damƙi mayafinta ya miƙar da ita tsaye.

Wai aikin makaranta ne. Malaminsu na zane ya ce kowane ɗalibi ya kawo hotunan abubuwan da Allah ya halitta, a ɗauke su kusa-kusa har ido ya kasa gane ko mene ne. Tun daga ranar Laila take bin jikin abarba da ganyen ayaba da gansakukar bangon gidansu na unguwar Belleville, kamar wadda ta yar da allura.

Shi kuwa Alhaji bai ɗauki wannan a bakin karatu ba. Man shafawa yake shigowa da shi daga Legas, irin mai mayar da baƙa fara, kuma ba ya jin akwai sana'ar da ta fi tasa. Duk sabon kayan da ya iso, kwalbar farko ta matarsa Murja ce. A da ita ce tallarsa, da ita yake yi wa mata kwatance. Yanzu ba ta fita sai da hijabi har ƙasa da safar hannu, shi kuma ya daɗe da daina leƙa ɗakinta, kwalbar kawai yake aika mata. In an tambaye shi sai ya ce girma ne ya zo mata da tsoron Allah.

Abin da ya fi ci masa rai game da Laila bakinta ne. A Abidjan aka haife ta, Faransanci ya cinye mata harshe. A Hausarta babu mace, komai namiji ne: rigan nan, motan Baba, kasuwan Adjamé. Duk sanda ta buɗe baki sai ya gyara mata a gaban mutane, da gatse, har ta koma ba ta ce masa komai sai gaisuwa. Ya tsani shirun nan, ita ma ta tsani muryarsa.

"Ranar Juma'a ki kawo mini hotunan nan shago," ya ce. "In na ga guda ɗaya da zan rataya a shagona ban ji kunya ba, ki ci gaba da makarantarki. In babu, ki ajiye kyamarar, ki zo ki zauna bayan kanta."

Laila ta kalli kwalaben da ke jere har rufi. Ko da wasa ba ta taɓa yarda hannunta ya kai kansu ba. Ta hau motar haya ta woro-woro ta koma gida.

Bayan sallar Juma'a ta ajiye masa hotunan a kan kanta. Ya riƙa ɗagawa yana wurgarwa. Wannan datti, wannan bola, wannan aikin mahaukata. Yaran shago suna taya shi dariya don su tsira da aikinsu.

Na ƙarshen ne ya tsayar da shi. Fili ne ja-ja da baƙi-baƙi, ya bushe ya tsattsage, ga wasu layuka farare sun ratsa shi kamar ƙoramun da ruwansu ya ƙafe. Nan take ya ga fadamar garinsu ta wajen Gumel a tsakiyar rani, inda ya yi kiwo yana yaro. Rabonsa da ita tun kafin a haifi Laila. Kewar gida ta kama shi, ya kuma ji haushin cewa a gaban yarinyar nan ta kama shi.

"Wannan fa?"

Laila ta dube shi ido cikin ido. "Fatan Inna ne, Baba."

Ya gane. Murja ta daɗe tana roƙon a mayar da ita gida, wurin danginta, yana cewa sai kasuwa ta lafa. Ashe burin uwarta yarinyar ta ɗauko.

"Yau dai kin yi Hausa," ya ce. "Je ki, kin tsira da makarantarki."

Ya sa aka faɗaɗa hoton, aka yi masa gilashi, ya rataya shi a saman kwalaben, inda duk mai shigowa sai ta gani.

Daga nan kasuwa ta fara juya masa baya. Mace za ta shigo da fara'a, ta ɗauki kwalba, ta ɗaga kai. Sai ta mayar da kwalbar a hankali ta fita. Wata tsohuwar mai sayensa ta ja hannun rigarta ta rufe damtsenta, ta tofar da yawu a bakin ƙofa. Alhaji ya zargi maƙwabta da asiri, ya kori yaro ɗaya, bai ga sauyi ba. A ƙarshe ya lura duk wadda ta fasa saye, hoton ta fara kallo.

Ya fizge shi daga bango da tsakar rana ya nufi Belleville yana huci. Laila tana makaranta. Ya banka ƙofar ɗakin Murja babu sallama, zai tambaye ta wane mugun abu 'yarta ta binne masa a shago.

Murja ta fito daga wanka ke nan, ta juya wa ƙofa baya, ɗaure da zane a ƙugu, sabuwar kwalbarsa a buɗe a hannunta. Alhaji ya dubi gadon bayanta, ya dubi abin da ke hannunsa, ya ga ja-jan nan da baƙi-baƙin nan da fararen layukan, tsaga ɗaya ba ta ɓace ba.

Ashe ranar ma Laila ba ta yi Hausa ba, yadda ta saba ta mayar da mace namiji: fatar Inna take nufi.