Tabon da Femke Ta Goge

"Wannan ma shirme ce," in ji Femke, ta cire manhajar gyaran hoto ta uku daga kwamfutarta. Mahaifinsu na dab da cika tamanin, littafin hotunan da za su ba shi kuwa ko shafi ɗaya bai haɗu ba.

Ƙanenta Douwe ya leƙo yana taunar cuku. "Ke da ko waya sai an saita miki? Kai wa masu sana'ar mana."

"Rufe min baki, ka miƙo kofi."

A manhaja ta huɗu ta dace, har ta iya goge tabo. Tsofaffin hotunan kuwa aibinsu ɗaya: wani jan duhu a kusurwar sama. Yana nan a na bakin teku, da na zamiya kan ƙanƙara, har na auren Douwe. Ta bi su ta share tas. Na asalin ta zuba a shara, tunda ɗakin Baba a gidan tsofaffi ba wuri.

Ranar bikin cikarsa tamanin, Baba ya buɗe littafin. Ya juya shafi, ya dawo baya, ya sake juyawa da sauri.

"Ina mamanku?"

Femke ta ce, "Baba, ai marigayiya ba ta yarda a ɗauke ta. Kullum ita ke riƙe da kyamara."

Ya ɗora hannu a kusurwar da ta gyara, inda yanzu sai sararin sama fes.

"A nan take. Yatsanta ne ke tare gilashin kyamarar. Shi nake buɗe hotunan in gani."