Hadarin da Ya Yi Kwana

Dakta Tabawa ta ƙarar da ƙuruciyarta wajen ƙera na'urar tuƙa hadari, don hukuma ta yi mata alkawarin ƙauyuka za a fara shayarwa. Yau ta zo Unguwar Ɗinya gaida gwaggonta, ta tarar an fita roƙon ruwa, maza duk sun juya rigunansu.

Hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Yana isa bakin gari sai ya yi kwana tsaf kamar mota, ya nufi gonar raken kamfani.

Gwaggo ta riƙo hannunta. "Tabawa, ke kika yi karatun ruwa. Wane laifi muka yi wa Allah?"

"Babu, Gwaggo. Allah Ya ba ku. A hanya aka tare."